Soro Marar Uba

An ruwaito a cikin littattafan mutanen farko, irin waɗanda gara ta ci gefensu ta bar mana tsakiya, cewa a wani zamani an yi wani gari ana ce masa Birnin Marke. Sarkinsa, Sarki Barmo, mutum ne mai son a kawo masa magana mai ƙulli, ya zauna da Wazirinsa su kwance ta. A wannan birni magina suna da wata al'ada da suka gada kaka da kakanni. In mutum zai ba magini aiki, kafin a kwaɓa ƙasa sai ya miƙa masa goro a gaban jama'a. Da magini ya karɓa, to, ya zama uban wannan gini muddin ransa. Kowace shekara kafin ruwan fari zai zo ya hau rufin, ya toshe tsaga, ya gyara indararo, ko an kira shi ko ba a kira shi ba. Kuma babu maginin da zai ɗora hannu a kan rufin wani sai da izinin uban rufin, ko da za a cika masa hula da zinariya. Da wannan al'ada mutanen Marke suke kwana lafiya da damina, hadari na rugugi suna minshari.

Aka ce, cikin masu koyo a gidan Sarkin Magina akwai wani saurayi mai suna Anaruwa, mutumin wani ƙauye da ake kira Tudun Faru. Yaro ne mai kaifin kai da zafin nama. In ya ga bango, kafin ya ƙifta ido ya riga ya gina masa bene a zuciyarsa. Ya yi shekara da shekaru yana ɗaukar tubali, yana taka ƙasa, har hannunsa ya faɗa. Ranar da Sarkin Magina zai yaye shi, sai ya kira shi zaure, ya ce, “Ɗana, duk abin da na sani na zuba maka, saura magana biyu. Kada ka buɗe rufi sai azararka tana ƙasa. Kada ka kwaɓa ƙasar wani sai goronsa yana aljihunka.”

Anaruwa ya ce, “Baba, ai wannan ko yaron da ya zo jiya ya sani.”

Tsoho ya ce, “Sani daban, riƙo daban. Tashi, Allah ya yi maka albarka.”

Anaruwa ya kama hanyar gida ana cikin kaka, ƙafarsa kamar ba ta taɓa ƙasa. A Tudun Faru ba shi da kowa sai mahaifiyarsa, Inna Tasalla, wadda ke zaune a ɗakin soron da marigayi mijinta ya gina mata tun tana amarya. Da ya shiga ya gaishe ta, ya ɗaga kai, sai ya ga azarar ɗakin ta yi ciki kamar bayan tsohon jaki. Ransa ya ɓaci. Ya ce, “Inna, a ƙarƙashin wannan kike kwana? Ɗanki magini, a ce rufi ya faɗo miki? Ai sai a yi mini waƙa a kasuwa.”

Ta ce, “Auta, bar shi mana. Ya kai ni bara, zai kai ni bana.”

Ya ce, “Ba zai kai ba. Zan yi miki rufin da har daga birni za a zo kallo. In sa miki taga ta gabas, in ɗaga bangon, in yi zayyana a bakin ƙofa. Ke dai ki zuba ido.”

Ta yi dariya, ta ce, “Bakin nan naka ya riga hannunka girma.”

Washegari ya kafa mata rumfar zana a tsakar gida, ya kwashe mata kayanta, ya hau ya yaye rufin kaf, ya bar bango huɗu suna kallon sama. A ransa rani yana da tsawo, azara kuwa ai itace ce, ba za ta gagara ba. Sai da ya fita nema ya gane giginya ba ta fitowa a ƙasarsu, daga nesa fatake ke kawo azara, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin duk abin da ke rumbunsu. Ya nemi aiki a ƙauyukan kewaye, kowa ya ce masa yana da uban gininsa. Ya dawo ya zauna a gindin bango ya yi tagumi.

Ana nan sai labari ya zo daga birni cewa wani babban attajiri, Maijimina, mai fataucin gashin jimina da fatu, ya sa an yi shela yana neman maginin gida. Wanda aka ɗauka, ci da sha da sutura duk a kan attajiri, kuma ranar da ya kama aiki za a ba shi kayan azara ya kai gidansu. Anaruwa ya yi tsalle ya miƙe, ya ce, “Inna, Allah ya kawo! Kafin sanyi ya wuce zan dawo miki da azara a bayan raƙumi.” Ta ɗaura masa guzurin ƙuli-ƙuli da garin gero, ta raka shi har bakin kukar gidansu.

Ya iske Maijimina a zaurensa, kishingiɗe a kan kilishi, ga faifan goro a gabansa an lulluɓe da ɗanyen ganye. Mutum ne mai fara'a, maganarsa kamar an shafa mata zuma. Ya ce, “Marhaba da samari! Yaron Sarkin Magina, ko? Kai, madalla. Irinku nake nema, masu sabon jini. Sai dai ka sani, ba a cinikin biri a sama. Akwai wani ɗan gwaji, ba wani abu ba ne, don dai in ga hannunka.”

Anaruwa ya saci kallon faifan goro. Attajiri ya lura, ya yi murmushi, ya ce, “Goro ai na wanda aka ɗauka ne. Wannan gwaji ne kawai. Ko kana shakkar kanka?”

Kunya ta kama Anaruwa, ya ce, “A'a, ranka ya daɗe. Ina wurin yake?”

Aka kai shi bayan gida, inda aka ta da bangon wani ƙaton soro. Aka ce ya ɗaura baka guda, wato irin lanƙwasasshen ginshiƙin nan da ke tasowa daga bango biyu ya haɗu a sama ya ɗauki nauyin rufi. Ya duba, ga wani baka an riga an gama a gefen arewa, kyakkyawa, ba inda ya karkace. Ya ce, “Wannan fa, aikin wa?”

Attajiri ya taɓe baki, ya ce, “Wani ne ya gwada. Bai ci ba.”

Anaruwa ya sake duban bakan. Ya ce a ransa, in mai wannan hannu bai ci ba, ashe sai na ba da raina. Ya tuɓe riga ya shiga ƙasa. Shi kuwa baka ba a gina shi da gaggawa: a ɗora hawa ɗaya, a ɗaure azara, a jira ya bushe, sannan a ƙara. Sanyi ya shigo ya same shi a kan tsani, ya wuce ya bar shi a can. Guzuri ya ƙare. Ya sayar da rigarsa ta zuwa Juma'a ya ci. Gidan Sarkin Magina yana nan kusa, tuwo ba ya yankewa a can, amma ya riƙa zagaye unguwar kamar mai gudun bashi, don ya san tambayar farko da tsoho zai yi masa ita ce, “Ina goron?”

Da baka ya haɗu, Maijimina ya zo ya tsaya a ƙarƙashinsa, ya tafa hannu, ya ce, “Tubarkalla! Kai ne a gaba, wallahi kai ne a gaba. Sai dai baka daban, rufi daban. Ka rufe mini wannan kusurwa ta kudu mu gani.” Ya rufe kusurwar kudu. Aka ce saura a ga yaɓensa. Ya jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake haɗa yaɓe da shi, ya yaɓe bangon gabas har yana ƙyalli. Aka ce to, zayyana fa? Ai maginin gidan attajiri dole ya iya zayyana. Duk lokacin da ya gama wani yanki, sai a ce ya je ya huta kwana biyu a yi shawara. In ya dawo, sai ya tarar an ƙara wani yanki da hannun da ba nasa ba, a ce masa, “Wani ne. Bai ci ba.”

Bazara ta kama, zafi ya sauko kamar an buɗe bakin tanderu. Wata rana yana kan tsani sai ga wata mai daddawa daga Tudun Faru ta tsaya a ƙasa tana kare ido da hannu. Ta ce, “Kai ne ɗan Tasalla? Ta ce in gaishe ka. Ta ce ba cewa ta yi ka dawo ba. Ta ce dai in gaya maka shamuwa ta sauka a kan kukar gidanku, gawo kuma ya fara zubar da ganye.”

Anaruwa ya juya ya dubi gabas. Ko yaron goye ya san in shamuwa ta sauka, ruwa na bayanta. Ya sauko ya nufi zaure, ya durƙusa, ya ce, “Ranka ya daɗe, mahaifiyata tana cikin rumfar zana, ɗakinta a buɗe. Ga guntayen azara can jibge a bayan soro, waɗanda aka yanke aka zubar. A taimaka mini da su in je in rufe mata, in dawo in ƙarasa.”

Maijimina ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce, “Ayya, Allah sarki, tsohuwa. Amma samari, ka yi tunani. In na ba ka azara tun ban ɗauke ka ba, sauran masu nema su ce me? Kuma ga shi ka zo bakin gaɓa. Ka san abin da nake dubawa yanzu? Haƙuri. Shi ne gwaji na ƙarshe. In ka tafi ba zan riƙe ka ba, akwai masu jira a ƙofa.”

Anaruwa ya fito ya tsaya a rana. In ya tafi, ya tafi hannu wofi, rani guda ya zube a banza, kuma ko ya isa gida ba shi da abin rufi. In ya zauna, ga sama ta fara tara gizagizai a gabas. Wanda ya haƙa rijiya har ya ji danshi a farcensa, da wuya a ce masa ya fito. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce, “Ya Allah, ka riƙe mini ruwan nan kaɗan.” Ya koma kan tsani.

Ranar da ya ja layin ƙarshe na zayyana, ya wanke hannu ya je zaure. Attajiri ya tarbe shi da fara'ar nan tasa, ya ce, “Samari, hannunka na da albarka, ban taɓa ganin irinsa ba. Sai dai na zauna da 'yan'uwana mun duba, soro ya riga ya ƙare. To, me zan yi da magini a gida, in yi ta ciyar da shi yana kallon bango? Ka je, in buƙata ta taso, kai za a fara nema.”

Anaruwa ya ce, “Azarar fa?”

“Ta wanda aka ɗauka ce. Ai haka aka yi shela, ko ba haka ba?”

A ƙofar gida ya ci karo da wani magini mai furfura a gemu, ana ce masa Cindo, ya zo da wankakkiyar riga. Cindo ya ce, “Ɗan'uwa, maigidan na ciki? Na zo jin sakamako. Ya ce ni ne a gaba.” Anaruwa ya dube shi, ya ce, “Kai ne mai bakan arewa?” Ya ce, “Ni ne.” Anaruwa ya ce, “Hannunka na da kyau, Baba.” Ya sa kai ya fita daga birni da gudu.

Hadari ya riske shi a hanya da la'asar. Iska ta fara, sannan ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Bai fake ba. Ya yi ta faɗuwa a taɓo yana tashi har ya isa Tudun Faru. Ya tarar rumfar zana iska ta yi gaba da ita. Bangon ɗakin kuwa, ɗakin da ubansa ya gina, ya sha ruwa ya zauna kamar tuwon da ya kwana, ga tabarmi da tsummoki a birkice cikin laka. Maƙwabta suka ce masa, da hadari ya taso sun yi sun yi da mahaifiyarsa ta shigo wurinsu, ta ƙi. Ta ce Auta ya gaya mata bangon da ba rufi ba ya son ruwa a ka. Ta ɗauki tabarmarta da zannuwanta, ta taka turmi, tana lulluɓe kan bangon, iska na yayewa tana mayarwa, har ƙarfinta ya ƙare suka ɗauko ta.

Ya same ta kwance a ɗakin girkin maƙwabta, kusa da murhu, tana rawar ɗari. Ta buɗe ido ta gan shi, ta ce, “Auta. An ɗauke ka?”

Ya sunkuyar da kai.

Ta ce, “Ba komai. Na so in tsare maka bangon, ka zo ka tarar da abin ɗora wa azararka. Ka ci abinci kuwa? Dubi wuyanka.”

Sanyi ya shige ta a haƙarƙari. Aka yi jiƙo, aka yi turare, aka yi rubutu. Kafin gero ya rufe ƙasa, Inna Tasalla ta riga mu gidan gaskiya.

Bayan an share makoki Anaruwa ya koma birni, don ba ya iya kallon wannan tulin ƙasa. Ya nemi ko da aikin toshe tsaga ne, amma duk ƙofar da ya je sai a ce, “Ba kai ne Maijimina ya gwada rani guda ba ka ci ba? Allah ya ba da sa'a.” Ya koma ɗaukar kaya a kasuwa, wanda dā yake gina bene a zuciyarsa. Yanzu in ya ga bango, kawar da kai yake yi.

An ruwaito cewa da damina ta yi nisa, sai soron Maijimina ya fara yoyo. Ba a tsakiyar aikin kowa ba, a'a, a mahaɗa, inda hannun wani ya tsaya na wani ya ɗauka, domin ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya binne a ciki. Ruwa ya riƙa ɗiga a kan gashin jiminar da attajiri ya tara zai kai arewa. Ya aika a kira magini. Wanda ya zo ya tsaya a ƙasa, ya ce, “Wane ne uban rufin?” Aka ce babu, ya juya. Aka kira wani, shi ma haka. Ya nemi su Cindo da suka yi aikin, suka ce, “Mu gwaji muka yi, kuma ba mu ci ba. Wanda bai ci goro ba, ina shi ina hawa rufi?” Attajiri ya ga dukiyarsa na ruɓewa, ya naɗa rawani ya tafi fada.

Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, “Allah ya ba ka nasara, an zalunce ni. Maginan garinka sun haɗa baki za su kashe ni da raina.”

Sarki ya sa aka kira Sarkin Magina da duk wanda ya taɓa sa hannu a soron. Dogarai suka zaƙulo Anaruwa daga kasuwa, da gammo a kansa. Da ya shigo, idonsa ya haɗu da na tsohon malaminsa, ya yi sauri ya dubi ƙasa. Sarkin Magina ya yi bayanin al'ada, ya ce, “Allah ya ja zamaninka, ba mu ƙi shi ba. Soronsa ne ba shi da uba, mu kuwa ba mu san wanda za mu nemi izininsa ba.”

Maijimina ya ce, “Ranka ya daɗe, a ba ni dama in ba da wani labari.” Sarki ya ce, “Faɗi.”

Ya ce, “An yi wani madugu da ya tashi ƙetare hamada. Wani mutum ya zo masa, ya ce shi jagaba ne, ya san kowace rijiya kamar tafin hannunsa. Bakinsa ya yi wa madugu daɗi, ya ɗauke shi bai gwada shi ba. Suka shiga rairayi. Rijiyar farko ba a same ta ba, ta biyu ma haka. Da ƙishirwa ta kai musu wuya, sai jagaba ya fashe da kuka, ya ce shi iyakarsa bakin daji, yunwa ce ta sa shi ƙarya. Ayarin nan, raƙumi ɗaya ne ya komo gida, ba kowa a kansa. To, Allah ya ba ka nasara, laifi ne mutum ya gwada kafin ya amince?”

Fadawa suka gyaɗa kai, don maganar tana da ƙafa. Sai Waziri ya gyara zama, ya ce, “Ni ma na ji wani labari. An yi wani manomi mai suna Barau, gonarsa na da nisa, ba shi da jaki. Da kaka ta yi, sai ya je kasuwa ya taya jakin wani, ya ce zai gwada shi yini ɗaya. Ya yi ta jigilar dawa da shi har yamma, ya mayar, ya ce, ‘Yana ɗingishi.’ Kasuwa ta gaba ya ɗauki na wani, ya mayar, ya ce, ‘Yana cizo.’ Haka haka har dawarsa ta shige rumbu, bai sayi ko bindin jaki ba. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi ciwo, duk jakin da ya mayar, sai kasuwa ta ɗauka cewa mai aibi ne. Cikinsu har da na wata gwauruwa da ta kawo shi don ta sayi hatsin marayunta. Ta yi ta jan sa kasuwa kasuwa, ana cewa, ‘Wannan ne mai ɗingishin nan,’ har ya mutu a hannunta.”

Sarki Barmo ya shafa gemu. Can ya ce, “Attajiri ya nuna mini gwaji wajibi ne. Waziri ya nuna mini gwaji kan zama sata. Duka biyu gaskiya ne, amma ba wanda ya nuna mini iyaka. Ga tambayata: a ina gwaji yake ƙarewa, aiki ya fara? Wanda ya ja mini wannan layi, da shi zan yi hukunci.”

Wani ya ce a auna da kwanaki. Sarki ya ce, ai wani aikin yini ɗaya ya fi na wata. Wani ya ce a auna da gumi. Sarki ya ce, wa zai riƙe ƙwaryar awon? Aka yi ta kawowa yana turewa. Anaruwa na can baya a rakuɓe, bai yi niyyar magana ba, don a ganinsa ko an yi hukunci ko ba a yi ba, ba abin da zai ta da bangon Tudun Faru. Sai ya ji muryar Sarkin Magina a hankali, “Ɗana, ka manta tulin ƙasar bayan gidana?”

Anaruwa ya ɗago. Ya matso gaba, ya durƙusa, ya ce, “Allah ya ba Sarki nasara, ni ba mai hikima ba ne. Da ina da ita, da ban zo nan da gammo ba. Amma a bayan gidan Baba akwai wani tulin ƙasa, ya girme ni. Duk mai koyo da ita ake gwada shi. Ranar da aka gwada ni, na gina ƙaramin baka da ita, na zuba duk abin da na iya. Baba ya zo ya zagaya shi, ya hau kansa ya yi tsalle, ya ce ya yi. Sannan ya miƙo mini gatari, ya ce in rushe. Na yi kuka, na ce, ‘Baba, a bar shi mana, ko awaki sa sha inuwa.’ Ya ce, ‘Na riga na ga abin da nake son gani. In na bar shi awakina suka sha inuwarsa, na ci guminka.’ To, ranka ya daɗe, iyakar da na sani ke nan. Gwaji ido yake ciyarwa. In an gani, a rushe, ko mai shi ya tafi da abinsa. Amma duk abin da mai gwadawa ya riƙe, ya shiga inuwarsa, ya ajiye dukiyarsa a ciki, wannan aiki ne, ko da me aka kira shi.”

Sarki ya dubi Waziri, Waziri ya sunkuyar da kai alamar ya gamsu. Sarki ya ce, “Maijimina, ka ji. Zaɓi ɗaya. In gwaji ne, ka riga ka gani, gobe dogarai za su taya ka rushewa har ƙasa. In kuwa aiki ne, ka san abin da ake yi wa masu aiki.”

Zufa ta keto wa attajiri ta ƙarƙashin rawani. Ya ce, “Aiki ne, Allah ya ba ka nasara. Tun farko ma aiki ne.”

Aka aika gidansa aka ɗauko faifan goron nan. A gaban fada ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana miƙawa da hannu biyu, ya sallami kowa da ladan aikinsa. Sarki ya sa aka yi shela cewa waɗannan magina ba wanda ya faɗi a cikinsu, kuma daga ranar duk mai gwada ma'aikaci a ƙasar Marke, ko dai ya rushe abin da aka yi, ko ya biya. Maginan suka haɗu suka ce Anaruwa ne zai zama uban soron, tunda hannunsa ya fi yawa a ciki. Sarki kuma ya ce ya ɗauke shi cikin maginan fada, ya ƙara da cewa, “Roƙi abin da kake so.”

Anaruwa ya ce, “Azara, ranka ya daɗe. Ta ɗaki ɗaya.”

Sarki ya yi dariya, ya ce, “Iyakarta ke nan? Wa za ka rufa wa?”

Sarkin Magina ne ya matsa ya faɗa wa Waziri a kunne cewa mai ɗakin ta rasu, Waziri ya faɗa wa Sarki. Dariyar ta ɗauke daga fuskar Sarki, ya ce, “A ba shi. A zaɓo masa mafi kyau.”

Da rani ya zagayo, raƙumi ya durƙusa a gindin kukar gidansu da kayan azara, kamar yadda Anaruwa ya yi wa mahaifiyarsa alkawari. Ya kwashe tsohuwar ƙasar bangon ubansa, ya sake kwaɓa ta, ya ta da ɗakin. Ya ɗaga bangon, ya sa taga ta gabas, ya yi zayyana a bakin ƙofa. Har daga birni aka riƙa zuwa kallo. Da ya gama, ya shimfiɗa sabuwar tabarma a ciki, ya ja ƙofa ya rufe.

Masu ruwaya suka ce hukuncin Sarki Barmo ya ceci magina da maɗinka da marina masu yawa a bayansa, kuma wannan shi ne amfanin hikima. Sai dai hikima takan iso a kan raƙumi, ruwa kuwa a kan iska yake zuwa. Saboda haka, kai mai neman ma'aikaci, in ka ga abin da kake son gani, ka sauke hannunka daga gumin mutane, domin ba ka san wa ke zaune a rumfar zana yana jiran wannan gumi ba. Kai kuma mai nema, kada kunya ta hana ka tambayar goronka tun ƙasa tana busasshiya.

Aka ce Anaruwa ya rayu har ya yi furfura, bai taɓa saɓa al'ada ba. Kowace shekara in shamuwa ta sauka, yakan hau soron Maijimina ya toshe masa tsaga, domin ya ci goronsa. Amma ba da shi yake farawa ba. Sai ya fara zuwa Tudun Faru, ya hau rufin ɗakin nan da ba mai kwana a ciki, ya bi shi taƙi taƙi da tafin hannu. Attajiri ya aiko, ya sake aikowa, a ce masa ya jira. Kuma har Anaruwa ya bar duniya, ko ɗigo ɗaya bai taɓa sauka a kan tabarmar nan ba.